Rufin da Dokas Ta Zaɓa

Idan baƙo ya tambaye ni tarihin majami'armu ta Gidan Nababa, ba na fara masa da masu bishara ko dattawa. Da Dokas nake farawa. Na san da tana raye da ta ce in kama bakina, wai ni Buwai ban iya komai ba sai surutu da cin tuwon mutane. Taubashiyata ce, 'yar ƙanwar babana, don haka tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba mu yi wa juna tsiya ba. Ni in ce baiwata ce, ita ta ce ni ne bawanta. Har ta koma ga Ubangiji ba mu raba wannan gardama ba.

Gajeriya ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa irin na matan da suka tashi da fartanya a hannu. Ba ta yi karatu ba. Waƙa ma ba ta iya ba, amma ran Lahadi muryarta ce ke danne ta kowa, har ta janye mu daga kan waƙar mu koma bin ta. Ba wanda ya taɓa iya gyara ta, an gaji an ƙyale.

Ƙauyenmu yana tsakanin Ɗambatta da Makoda, inda gona ke manne da gona, ba sauran daji sai ɗorawa da gawo da kuka a tsakiyar gonaki. Iyayenmu addinin gargajiya suka bi, mu ma a cikinsa muka buɗe ido. Sunan da aka raɗa mata Tanoma. Ta auri Shago magini, mutum mai sanyin hali, wanda ya gina mata soro guda da hannunsa a lokacin da sauran matan gidan ke kwana a ɗakin ciyawa. A saman ƙofar ya ja zane da yatsunsa tun ƙasar tana ɗanya. Ta yi ta yi mana yanga da soron nan, in na je gaishe ta sai ta ce in kakkaɓe ƙafata tun daga waje.

Sai dai haihuwa ba ta zo mata da daɗi ba. 'Ya'ya huɗu ta haifa, ba wanda ya kai yaye, huɗun kuma a bayan soron aka kwantar da su, kamar yadda ake binne jarirai a cikin gida. Aka fara ce mata mai wabi. An sha magani, an yi yanka a gindin tsamiya, ba abin da ya sauya. Surutun mutane bai ci mata rai kamar abu guda ba. In ta shiga barka, sai ta ga mai jego ta gyara zama ta juyar da jaririn wajen bango. Ba wanda ya ce mata kada ki taɓa, amma ba wanda ya ce mata ungo. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Ita ma ta san tsoro ne, sanin bai rage mata zafin ba.

A lokacin masu bi kaɗan ne a ƙauyen, a ƙarƙashin wata ɗorawa suke taruwa. Wata Lahadi Tanoma ta dawo daga rijiya, ta sauke tulunta ta tsaya daga gefe tana jin waƙa. Wata mata mai suna Maryam za ta kaɗa wa mata tulun kiɗa, goyo ya hana ta sakat. Ta waiga, ta kwance yaron, ta miƙa wa Tanoma.

"Riƙe mini shi, Yaya."

Tanoma ta ɓoye hannuwanta a baya. Ta ce, "Kin san ni fa."

"Na san ki mana, garin duka nawa yake. Riƙe shi, waƙa na jirana."

Ta karɓa. Ta gaya mini daga baya cewa ba ta ji ko kalma ɗaya daga wa'azin ranar ba, numfashin yaron kawai take saurare. Yaron nan shi ne Ɗanliti, kuma ba abin da ya same shi. Da aka yaye shi Maryam ta ba ta shi riƙo, ya girma a soron yana ce mata Inna. Aka yi mata baftisma ta zama Dokas. Shago ya biyo ta, ni ma daga baya na bi sahu, ta ce ai dama bawa ba ya wuce uwargijiyarsa.

Da muka ƙaru, Shago ne ya ja gaba muka gina majami'a kusa da ɗorawar nan. Da tubali muka yi ta, aka jera azara, aka yi mata rufin ƙasa irin na soro, da dakali a ciki maimakon benci. Wanda ya san soro ya san ba a gama shi. Duk bazara kafin ruwa ya sauka sai an hau an yaɓe shi, in ba haka ba rana ta tsattsaga rufin, ruwan farko ya bi tsagar ya jiƙa azara, ƙasar ta yi nauyi ta rufto. Don haka muka mayar da yaɓen kamar salla. Mata su daka makuba, wato ɓawon 'ya'yan ɗorawa, su jiƙa ta har ruwan ya yi ja. Maza su haƙo ƙasa a kududdufi, a zuba ciyawa a tattake, a bar ta ta ruɓa, sannan a kwaɓa da ruwan makubar. Ranar hawa ana waƙa ana miƙa curin ƙasa hannu da hannu, a gyara indararo, a sauko a ci dambu. Shago ya rasu da ciwon ciki na 'yan kwanaki, amma al'adar ba ta mutu da shi ba.

Sai shekarun fari suka zo, waɗanda suka biyo bayan alif ɗari tara da tamanin. Hadari ya haɗu ya yi baƙi, mu fito mu zuba masa ido, iska ta kwashe shi ta yi gaba. Gero ya bushe a tsaye tun bai yi ido ba. Aka ci tafasa, aka ci rama, aka lashi garin ɗorawa har bakin yara ya rine. Aka sayar da awaki. Maza suka tafi cin rani, wanda a da ake dawowa da saukar ruwa, wannan karon ba su dawo ba. Ɗanliti ma ya tafi Kano, ya samu aikin leburan gini a wajen Rijiyar Zaki. Mai bisharar da muke ciyarwa daga gonar majami'a, da gonar ta kasa, aka mayar da shi wani wuri. Ya rage mata da yara da tsofaffi, sai irina da kurkunu ya kayar, ƙafata ta kumbura kamar turmi.

Rijiyarmu ta ƙafe. Sai ta Malam Lawan a ƙauyen Musulmi da ke gabas da mu, can mata ke wuni suna jiran ruwa ya tsattsafo, kowace ta dawo da tulu guda, wata rana ma bai cika ba.

Baba Ɗanasabe, dattijon ikkilisiya, shi ke ja mana sujada a lokacin. Da bazara ta kama, ya tashi bayan addu'a ya ce bana ba za a yi yaɓe ba. Ya ce ruwan sha ma bai isa ba balle na kwaɓa ƙasa, mazan da za su hau ba sa nan, sama kuma ba ta jiƙa rufin bara ba balle ta lalata shi. Gaskiya ya faɗa, ni ma na gyaɗa kai. Dukanmu mun san rana ta fi ruwa cin soro, amma mun gaji, kuma gajiyayye ba ya son a tuna masa abin da ya sani.

Dokas ta yi magana daga ɓangaren mata. Ta ce, "Baba, waɗanda suka tafi za su dawo. In sun dawo, a ina za su same mu?"

Ya ce, "Allah ba a ɗaki yake ba, Dokas."

Ta ce, "Na sani, Baba. Amma mu a ɗaki muke haɗuwa."

A haka aka tashi. Daga ranar ta fara abin da ya sa aka ce kanta ya taɓu. Makuba dai ba ta yi wuya ba, don yunwa ta sa an cinye ɗorawa kaf, ɓawon yana zube a ƙofar kowane gida. Ta tsince shi ta daka. Ruwa ne aikin. Ta ɗauki ƙwarya tana bi gida gida tana roƙon ƙasari, ruwan da aka wanke tsaba da shi, wanda a da awaki ake ba wa. Ta karɓi ruwan wanke-wanke, ta karɓi na wanki. Fanta matar Malam Lawan ta tambaye ta me za ta yi da ƙazamin ruwa, ta ce ɗakin sujadarmu zan yaɓe. Fanta ta ce Allah ya ba da lada, daga nan ta riƙa tara mata nata. Tulun da Dokas ke samowa kuwa rabi take sha ta yi girki, rabi ta juye a tsohuwar randa a gindin ɗorawa.

Randar nan ta yi wari har ba a iya wucewa ta kusa. Na ce mata, "Baiwata, giya kika koma dafawa bayan tuba?"

Ta ce, "In ta nuna kai zan fara ba wa, ko ƙafar ta sace."

Ƙasar ta haƙo da kanta, ta tattake da kanta. Tana gab da gamawa Ɗanliti ya zo daga Kano da ɗan garin rogo a buhu. Ya ce ya samu ɗaki, ya zo ya tafi da ita. Ta ce ba inda za ta sai ta yi yaɓe. Ya hau soronta ya duba, ya sauko fuskarsa a murtuke. Ina zaune a zaure na ji komai.

Ya ce, "Inna, tsagar da ke kan soronki hannuna yana shiga. Ga kuma gara ta fara cin azara. Na ga kwaɓin da kika yi, zai rufe naki tsaf har ya yi saura. Ki bar ni in hau yau in gama miki, gobe dole in koma kada a ba wani aikina."

Ta ce, "In kana da ƙarfin hawa, ɗan nan, ga majami'a can."

"Kwaɓin ba zai yi rufi biyu ba, Inna. Ko majami'ar ma da ƙyar zai toshe tsagoginta."

"Na sani."

"To ni ba zan hau ba. In na yaɓe can na bar ki a ƙarƙashin wannan, ranar da ya faɗo miki da wane ido zan dubi mutane?"

Ya yi zaton in ya ƙi za ta saduda. Bai san uwar da ta raine shi ba. Da safe ya tafi cikin fushi, ta raka shi har bakin hanya ta sa masa albarka, ta dawo ta aro tsani.

Ni na riƙe mata tsanin, a zaune, na miƙe ƙafar ciwon gefe guda. Ta ɗaure zani ta yi ɗamara, ta ɗora ƙwaryar ƙasa a ka, ta hau. Mace ce da ta ba hamsin baya. Kafin rana ta take labari ya kai wa Baba Ɗanasabe, ya iso yana dogara sanda.

Ya ce, "Dokas, sauko. Ba a taɓa ganin mace a kan ɗakin sujada ba."

Ta leƙo ta ce, "Baba, nuna mini namijin da zai hau, yanzu in sauko."

Ya dube ni da ƙafata, ya dubi sandarsa, ya dubi hanyar da mazan suka bi suka tafi. Can ya jingine sandar, ya naɗe hannun riga, ya sunkuya ya curo ƙasa ya miƙa sama. Matan da suka fito kallo suka ga haka, ɗaya bayan ɗaya suka shiga layi. Ba wanda ya yi waƙa, yunwa ba ta bar mana muryar ba, dambu kuma ba a maganarsa. Kwanaki aka ɗauka ana yi. Rufin ya yi zafi kamar tanda, tafin hannunta ya tsattsage har jini na biyo ƙasar. Da ta shafe tsagar ƙarshe ta kankare ƙwaryar, ko abin da za a toshe ramin ɓera bai rage ba.

Ruwa kuma bai zo ba. Wannan shekarar ma yayyafi aka yi ta yi mana, shuka ta fito ta ƙone. Raina ya ɓaci ƙwarai, da ita, da sama, da kowa. Na ce mata, "To ga shi nan, kin yi wa rana kwalliya." Na jira ta rama, ba ta rama ba. Wannan ne karo na farko da na yi wa Dokas tsiya ta yi shiru, kuma abin ya ba ni tsoro.

Kada a ɗauka zuciyar dutse gare ta. Da yamma takan zauna a bayan soronta, kusa da ƙananan kaburburan nan, ta jingina da bango. Ta cusa tsummoki a tsagogin rufin, ta tokare azara ɗaya da itace. Wata rana na same ta tana duban zanen da ke saman ƙofa. Ta ce, "Buwai, in soron nan ya faɗi ban san inda zan sa kaina ba. Hannunsa ne a jiki, su kuma ga su a baya."

Na ce, "To bana ki yaɓe naki. Majami'a ta sha yaɓe bara, za ta jure."

Ta ce, "Rana ta sake buɗe ta, na hau na gani."

"Ke ma ai mutum ce."

Ta ce, "Nawa ni kaɗai yake rufawa. Can kuwa, lokacin da kowa ke juya mini baya, can aka ce mini ungo. Ba ginin nake bautawa ba. Amma ba zan zauna ina kallo mutanen nan su rasa inda za su zauna tare ba."

Da bazara ta zagayo ta sake bin gidaje da ƙwaryarta. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, wasu ma kafin ta iso sun ajiye mata ruwan a bakin ƙofa. Duk da haka abin da aka tara bai wuce na rufi ɗaya ba, ta sake hawa majami'a.

A wannan daminar sama ta tuna da mu. Ruwa ya sauka, muka shuka ɗan irin da aka samu, ya tsira, ya yi kyau. Sai marka ta kama, ruwa ba dare ba rana, kamar ana biyan abin da aka hana mu. A nan ne sakacinmu ya fito fili. Duk soron da ke ƙauyen ya shekara biyu ko uku ba yaɓe, ɗakunan ciyawa kuma ba a sake musu baibaya ba. Ko'ina yoyo, bango na zubewa kamar danƙo. Mata suka kwashi yara da tabarmi suka nufi majami'a, masu bi da waɗanda ba su tuba ba, don nan kaɗai ne ruwa ke bin indararo ya zuba waje.

Wajen la'asar ina ɗingisawa zan wuce, na ji wata ƙara daga gidan Shago, kamar an sare babbar bishiya. Na shiga na tarar soron ya rufta. Azara ta karye a tsakiya, rufin ya danne gado da tukwane da komai, ƙofar da zanenta ta narke ta zama taɓo, bangon baya ya kwanta a kan kaburburan. Na durƙusa ina tonon ƙasa da hannu ina kiran sunanta, har da na yarinta. Wata mata ta leƙo ta ce in daina, Dokas tana majami'a tun safe, ita ke zungure indararo da kara kada su toshe.

Daga baya, da kaka ta yi, mazan sun dawo, kuma sun same mu a inda suka bar mu. Ɗanliti ya durƙusa ya nemi gafara, ta ce ba abin da ya yi mata sai ƙauna. Aka yi gayya aka gina mata sabon ɗaki, ta yi godiya, ta zauna a ciki har ƙarshen ranta, amma ba ta taɓa cewa in kakkaɓe ƙafata kafin in shiga ba. Wannan duk daga baya ne. A ranar nan, ni aka bar wa kai labari.

Na shiga majami'ar sharkaf. A cike take, warin jiƙaƙƙun kaya da hayaniyar yara, amma daɓen a bushe yake. Na ɗaga kai na duba azara ɗaya bayan ɗaya, ko ɗigo babu. Dokas tana zaune a kan dakali a can ƙurya. Wata yarinya mai jego daga gidajen da ba su tuba ba tana tsaye kusa da ita, tana so ta matse zaninta. Ina kallo ta kwance jaririn ta ajiye shi a cinyar Dokas, ko tambaya ba ta yi ba, ko waiwaye.

Na matsa na tsuguna a gabanta. Tun da nake ban taɓa rasa abin da zan ce mata ba sai ranar. Ta dubi taɓon da ke hannuwana har gwiwa, ta dubi fuskata.

Ta ce, "Ya faɗi?"

Na ce, "Ya faɗi, Dokas. Duka."

"Har bangon baya?"

"Har shi. Ya kwanta a kansu." Muryata ta fara tashi, ina so in yi mata faɗa, ina so in yi kuka, ban san wanne zai riga fita ba.

Ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Yi a hankali, Buwai. Barci yake."

Ta gyara wa jaririn kai a kan hannunta, tana jijjiga shi kaɗan kaɗan. Ruwa na ta dukan rufin a samanmu. Da hawayen suka zo mata, sai ta kawar da fuskarta gefe don kada su ɗiga a kan yaron.